Wasan Ƙwallon Ƙafa a Makarantar Sakandare ta Soja: Misali Daga Bembereke da Zariya

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon ƙafa, wanda wasu Hausawa ke kira tamaula, wasa ne da yaro kan koya tun kafin a sa shi makaranta, kuma ba ya neman izinin kowa kafin ya buga shi. A unguwannin garin Jugu (Djougou) da ke arewacin Jamhuriyar Benin, kamar yadda abin yake a Kano ko Maraɗi, yara su ke zaɓen filinsu, su jera duwatsu a matsayin raga, su raba kansu gida biyu, ba mai raba su sai kiran sallar magariba. Ita kuwa makarantar soja wuri ne da komai yake da lokacinsa da umarninsa, tun daga tashi daga barci da wanka da cin abinci har zuwa kashe fitila da dare. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa makarantar da aka gina a kan bin umarni ta rungumi wasan da ba a iya buga shi da umarni?

Manufar wannan takarda ita ce amsa wannan tambaya. Za a nuna cewa ƙwallo a makarantar soja ba hutu ba ne kurum, wani ɓangare ne na tarbiyya, domin yana koyar da abin da filin fareti ba zai iya koyarwa ba, wato yadda yaro zai yanke shawara da kansa cikin gaggawa, ba tare da ya fita daga tsarin ƙungiya ba. Za a kuma nuna cewa manufar makarantar ba ita ce samar da ƙwararrun 'yan wasa ba, kuma ya kamata iyaye da yara su fahimci haka tun da wuri. An ɗauki misalai daga makarantar soja ta Bembereke, wadda ita ce ta maza mafi kusa da Jugu da Paraku (Parakou), da kuma takwararta ta Zariya.

2.0 Makarantar Sakandare ta Soja

Makarantar sakandare ta soja makarantar kwana ce da rundunar soja ke gudanarwa. Ana ɗaukar yara cikinta bayan sun gama firamare, ta hanyar jarrabawar gasa da gwajin lafiyar jiki. Suna karanta darussan da ake karantawa a kowace sakandare, su kuma rubuta jarrabawar ƙasa tare da sauran ɗalibai, amma suna sanye da kaki, suna fareti, suna rayuwa bisa ƙa'idar bariki. Ya kamata a bambanta ta da makarantar horar da hafsoshi, irin ta Kaduna, wadda ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya gama sakandare.

Wani abin lura shi ne, ɗaliban wannan makaranta yara ne, ba sojoji ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta hana sa duk wanda bai kai shekara 18 ba cikin yaƙi. Ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2000 ya amince da wanzuwar makarantun da soja ke gudanarwa, muddin dai sun kiyaye haƙƙin yaro na samun ilimi. Wannan batu yana da muhimmanci idan aka zo maganar motsa jiki, domin jikin ɗan shekara 12 ba zai ɗauki abin da jikin kurtu zai ɗauka ba.

2.1 Makarantar Bembereke

Bembereke gari ne a yankin Borgu, kimanin kilomita 100 arewa da Paraku, a kan babbar hanyar da ta nufi Malanbil da iyakar Nijar. Shi kuwa Jugu, hedikwatar yankin Donga, yana yamma da Paraku da tazarar kilomita ɗari da 'yan kai. Yankin ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin ta nan ayarin fataken goro ke bi tsakanin Kano da Gwanja, kuma Jugu na ɗaya daga cikin manyan zangunansu. Har yau akwai Hausawa mazauna garuruwan, ko da yake harshen Dandi ne ya fi yawo a kasuwannin Jugu da Paraku.

Sunan makarantar da Faransanci shi ne Prytanée Militaire de Bembèrèkè, kuma an kafa ta cikin shekarun 1980, a zamanin mulkin farko na Mathieu Kérékou. Kalmar farko ta sunan ta samo asali ne daga tsohuwar Girka, inda take nufin gidan da hukumar birni ke ciyar da masu yi mata hidima. A Faransa sarki Napoleon ne ya ba makarantar garin La Flèche wannan matsayi a 1808. Daga baya Faransawa suka buɗe makarantun 'ya'yan soja a ƙasashen da suka mallaka, kamar ta Saint-Louis a Senegal a 1923, da ta Kati a Mali, da ta Bingerville a Kwaddibuwa, da ta Wagadugu. Shi kansa Kérékou ya yi karatu a Kati da Saint-Louis, haka ma Seyni Kountché na Nijar. A yau babban filin wasa na Kwatano yana ɗauke da sunan Kérékou, na Yamai kuma yana ɗauke da sunan Kountché, wato dukkansu tsofaffin ɗaliban irin wannan makaranta. Makarantar Bembereke ta maza ce. Ta 'yan mata tana garin Natitingu, arewa da Jugu, an kuma buɗe ta a zamanin mulkin Kérékou na biyu.

2.2 Makarantar Zariya

Ita kuwa ta Zariya Turawan Ingila ne suka kafa ta ranar 20 ga Mayu 1954, da yara 30, a ƙarƙashin jagorancin Kyaftin Wellington Bassey. A 1960 ne ta sami sunan da take amsawa yanzu, wato Makarantar Soja ta Nijeriya. Tun farko an raba ɗalibanta gida huɗu, kowane gida da sunan wani hafsan Bature, daga baya aka mayar da sunayen zuwa Legas da Ibadan da Inugu da Kaduna. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Tunde Idiagbon da David Mark da Jeremiah Useni da Buba Marwa. Wannan tsari na raba ɗalibai gida-gida an kwaikwayo shi ne daga makarantun kwana na Ingila, kuma shi ne ginshiƙin duk wata gasar wasanni a makarantar.

3.0 Yadda Soja da Ƙwallo Suka Haɗu

3.1 A Ingila

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1863, kuma a shekarar ne aka rubuta dokokin da wasan yau ya tsiro daga cikinsu. A wancan lokaci salon wasan shi ne duk wanda ya sami ƙwallo ya yi ta ja shi kaɗai har sai an ƙwace, sauran kuma su bi shi a baya kamar ɗango. Ƙungiyar injiniyoyin soja ta garin Chatham, wato Royal Engineers, tana cikin waɗanda suka fara sauya wannan salo, suka riƙa miƙa wa juna ƙwallo, kowa yana tsare da gurbinsa. Wannan ƙungiya ta kai wasan ƙarshe na farko na kofin hukumar a 1872, inda Wanderers ta ci ta ɗaya da nema. A wasan ne wani hafsa mai suna Edmund Creswell ya karye a ƙashin kafaɗa tun da farko, amma ya ƙi fita har aka tashi. Ƙungiyar ta ɗauki kofin a 1875. Jagoranta, Manjo Francis Marindin, ya shugabanci hukumar ƙwallon Ingila daga 1874 zuwa 1890. Ke nan tun wasan yana jariri sojoji suna cikin waɗanda suka gane cewa mutum goma sha ɗaya masu tsari sun fi gwani ɗaya.

3.2 A Faransa da Amurka

Faransawa sun bi wata hanya dabam. Sun fi ƙarfafa atisayen jiki na bai-ɗaya, irin su gudu da tsalle da hawan igiya, kuma tun 1852 suka kafa makarantar koyar da wannan a Joinville. Sai daga baya wasannin ƙungiya suka shiga. A 1956 aka kafa bataliyar Joinville, inda fitattun 'yan wasa suka riƙa yin hidimar soja ta dole ba tare da sun daina wasa ba. Michel Platini da Zinedine Zidane duk sun ratsa ta nan.

A Amurka kuwa, abin da suke kira ƙwallon ƙafa wani wasa ne dabam, wanda ake rungumar ƙwallo a hannu ana ture juna. Makarantar hafsoshin ƙasa ta West Point da ta mayaƙan ruwa ta Annapolis sun fara karawa a wannan wasa tun 1890. Janar Douglas MacArthur, lokacin da ya shugabanci West Point daga 1919 zuwa 1922, ya wajabta wa kowane ɗalibi shiga gasar wasanni ta cikin gida. Dalilinsa shi ne abin da ya gani a yaƙin duniya na farko, cewa hafsan da ya saba da wasan ƙungiya ya fi iya riƙe mutane.

3.3 A Afirka ta Yamma

Wasan ƙwallo na farko da tarihi ya adana a Nijeriya an buga shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Thistle, kuma 'yan makarantar ne suka yi nasara da ci 3 da 2. Wato tun ranar farko makaranta da soja ne suka haɗu a fili. Daga nan wasan ya bi bariki da makarantar mishan da layin dogo ya shiga cikin ƙasa. Bayan samun 'yancin kai rundunonin ƙasashe da dama sun kafa ƙungiyoyinsu. Ta sojojin Maroko, FAR Rabat, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1985. Ta sojojin Nijar, AS FAN, ta kai zagayen rukuni na kofin ƙalubale na Afirka a 2010.

4.0 Tsarin Wasa a Cikin Makaranta

Dokokin wasan ba sa canzawa don an shiga bariki. Dokoki 17 ne, 'yan wasa 11 a kowane gefe, raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, bugun fenariti daga mita 11, sannan minti 90 ga manya, ana kuma rage lokacin ga ƙananan yara. Abin da ke canzawa shi ne yanayin da ake buga wasan a cikinsa. Ana iya taƙaita bambancin cikin abubuwa huɗu.

Na farko shi ne lokaci. A irin waɗannan makarantu rana kan fara tun da asuba da gudu ko fareti, sannan aji, sannan wasanni da yamma, sannan bitar karatu da dare. Ƙwallo yana da sa'arsa, idan usur ya tashi an gama ke nan, ko da ana tsakiyar kai hari.

Na biyu shi ne wajibci. A unguwa wanda ya ga dama shi ke buga wasa. A makarantar soja motsa jiki dole ne a kan kowa, wanda bai shiga ƙwallo ba zai shiga gudu ko ƙwallon hannu ko ƙwallon kwando ko wani wasan. Saboda haka ana samun yara masu juriyar gudu sosai, ko da gwanintarsu da ƙwallo ba ta kai ta yaran unguwa ba.

Na uku shi ne yadda ake raba 'yan wasa. Yaro ba ya zaɓen abokan wasansa. Gidansa ko kamfaninsa ko ajinsa su ne ƙungiyarsa, kuma sunansu zai kare. Gasar da ta fi zafi a makarantar kwana yawanci ita ce ta tsakanin gidaje, ba ta waje ba, domin wanda aka ci zai kwana ya tashi da wanda ya ci shi har shekara ta zagayo.

Na huɗu shi ne matsayin karatu. Makarantun soja suna alfahari da sakamakon jarrabawar ƙasa fiye da kofi, don haka idan wasa da karatu suka yi karo, wasa ne ke ja da baya.

5.0 Abin da Fili Ke Koyarwa

5.1 Yanke Shawara

A filin fareti mutum ɗaya ne ke tunani, sauran su aiwatar. Idan aka ce dama, kowa ya juya dama, kuma kyan fareti shi ne kada a ga bambanci tsakanin wannan da wancan. Wannan yana koyar da biyayya da natsuwa, amma ba ya koyar da abin da mutum zai yi idan babu mai ba shi umarni. A filin ƙwallo kuwa, mai horarwa zai tsara dabara kafin a fara, amma da zarar an busa usur ba shi da ikon tsayar da wasa don ya gyara. Yaron da ƙwallo ya zo ƙafarsa yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya zaɓa tsakanin miƙawa da ja da bugawa, kuma sakamakon zaɓinsa zai bayyana nan take a gaban kowa. Wannan shi ne ainihin abin da ake buƙata ga ƙaramin hafsa, wato ya fahimci manufar shugabansa, sannan ya nemo hanyar cim mata idan al'amura suka sauya. Haka ma likita ko injiniya ko malami, domin ba duk ɗaliban makarantar ne ke zama sojoji ba.

5.2 Muƙami da Gwaninta

Rayuwar makarantar soja a kan girma da muƙami aka gina ta. Ɗan aji ɗaya yana ƙarƙashin ɗan aji biyu, manyan ɗalibai kuma ana ba su muƙamai da ikon tsawatarwa. Fili ne kaɗai wurin da wannan tsani ke sassautawa. Ƙwallo bai san igiya ba. Ƙaramin yaro yana iya yanke babban ɗalibi ya wuce, ba a kuma ce ya yi rashin kunya ba. Babban kuma dole ya miƙa wa ƙaramin ƙwallo idan shi ne a wurin da ya dace. Darasin da ke nan biyu ne. Ƙarami ya koyi cewa yana da abin bayarwa tun kafin ya girma, babba kuma ya koyi cewa shugabanci ba shi ne fin kowa iyawa ba, sanin wanda ya iya ne da ba shi dama. Bugu da ƙari, kowa yana ƙarƙashin alƙalin wasa, ko da alƙalin bai kai shi muƙami ba, wanda hakan ke nuna cewa doka tana gaba da mai igiya.

5.3 Haɗin Kai

Benin ƙasa ce mai harsuna da yawa. Akwai Fon da Yarbanci a kudu, akwai Bariba da Dandi da Yom da Fulatanci da Ditammari a arewa. Yaron da ya fito daga Jugu zai tarar da kansa a ɗaki ɗaya da na Kwatano ko Porto-Novo, wataƙila ma da na wata ƙasar, domin makarantun soja na ƙasashe masu amfani da Faransanci sukan yi musayar ɗalibai. A aji wanda ya fi Faransanci shi ke gaba. A fili kuwa kalmomi kaɗan sun wadatar, sauran aikin ido ne da ƙafa. Saboda haka sabon ɗalibin da harshensa bai faɗa ba sau da yawa a fili yake fara samun abokai. Haka abin yake a Zariya, inda ake tara yara daga sassan Nijeriya daban-daban.

5.4 Jure Faɗuwa

Yaran da suka ci jarrabawar shiga makarantar soja yawanci su ne na gaba a firamarensu, ba su saba da a fi su ba. Ƙwallo wasa ne da gwani kan sha kashi a cikinsa, wani lokaci ma ba da laifinsa ba. A nan yaro ke koyon miƙa wa wanda ya ci shi hannu, ya koma ya gyara, ba tare da ya ɗora wa mai tsaron gida laifi shi kaɗai ba.

6.0 Matsaloli

6.1 Rauni

Ga ɗalibin sakandare ta gari, targaɗe ko karaya jinyar 'yan makonni ce. Ga ɗalibin da ke fatan zama hafsa kuwa, rauni a gwiwa yana iya hana shi tsallake gwajin lafiya, ya rufe masa ƙofar aikin gaba ɗaya. Dwight Eisenhower, wanda ya zama shugaban Amurka, ya ji ciwo a gwiwa a wasan West Point a 1912, abin da ya kawo ƙarshen wasansa, ya kuma kusa hana shi zama hafsa. Yara masu tasowa suna da wata matsalar ta daban, domin ƙashinsu bai gama ƙwari ba, kuma yawan gudu da tsalle a kan ƙasa mai tauri kan jawo ciwo a ƙasan gwiwa da diddige. Idan aka haɗa gudun asuba da fareti da ƙwallon yamma, nauyin yana iya fin ƙarfin jiki. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta fitar mai suna 11+, wanda wani bincike da aka yi a Norway aka buga a 2008 ya nuna yana rage raunuka da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar wasu kayan aiki, don haka kowace makaranta za ta iya amfani da shi.

Babban haɗari a nan shi ne al'adar ɓoye ciwo. Labarin hafsan da ya ƙarasa wasa da karyayyar kafaɗa yana da daɗin ji, amma ba abin koyi ba ne ga yaro. Wajibi ne mai horarwa ya nuna wa ɗalibai cewa faɗar ciwo ba ragwanci ba ne, musamman idan an bugu a kai.

6.2 Yanayi

A arewacin Benin, kamar a ƙasar Hausa, damina kan fara wajen Mayu ta ƙare wajen Oktoba, hunturu ya biyo baya da ƙura da bushewar iska, sannan bazara a Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40. Mafi yawan shekarar karatu a cikin rani take. Fili kan bushe ya yi tauri, ƙura kan tayar wa masu asma ciwonsu, zafi kuma kan ƙone ruwan jiki. Tun gasar kofin duniya ta 2014 aka saba ganin ana tsayar da wasa don shan ruwa idan zafi ya yi yawa. Idan ƙwararru suna buƙatar haka, yara sun fi buƙata. Hana yaro ruwa da sunan koya masa juriya kuskure ne mai iya kai wa ga asarar rai. Haka nan idan azumin Ramadan ya faɗo cikin zangon karatu, ya dace a rage nauyin atisaye ga masu azumi, ko a matsar da shi kusa da shan ruwa.

6.3 Dawo da Muƙami Cikin Fili

Duk amfanin da aka lissafa a sashe na 5.2 yana rushewa idan babban ɗalibi zai rama da dare abin da aka yi masa a fili da yamma. Inda ƙaramin yaro ke tsoron ƙwace ƙwallo daga babba don gudun hukunci, wasan ya koma fareti ke nan da wani suna. Aikin malamai ne su tabbatar da cewa abin da ya faru a fili ya ƙare a fili.

6.4 Mafarkin Zama Ƙwararre

Yaron Jugu yana da dalilin yin wannan mafarki. Garinsa yana da ƙungiyar Panthères, Paraku tana da Buffles du Borgou wadda ta zama zakarar ƙasa a 2014 da 2017 da 2019, kuma a 2019 ƙungiyar ƙasa ta fitar da Maroko ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar kofin Afirka. Sai dai makarantar soja ba makarantar koyon ƙwallo ba ce. Wanda zai zama ƙwararre yana buƙatar awoyi masu yawa da ƙwallo a kowane mako tun yana ƙarami, da gasa a kai a kai a gaban masu neman 'yan wasa, kuma jadawalin bariki bai bar gurbin wannan ba. Yaron da ya shiga da niyyar zama tauraro zai sha takaici. A ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda ke cin abinci da ƙwallo kaɗan ne ƙwarai cikin masu fata, kuma dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Duk dillalin da ya ce a cire yaro daga makaranta a ba shi kuɗi ya kai shi Turai, ya kamata iyaye su yi hattara da shi.

7.0 Harshen Bariki a Filin Ƙwallo

Ga ɗalibin harshe akwai wani abin sha'awa, wato yadda Hausar ƙwallo ta cika da kalmomin yaƙi. Ana cewa 'yan gaba sun kai hari, 'yan baya sun tsare gida, an yi kwantan ɓauna, an mamaye su, an lallasa su, an yi musu kaca-kaca. Shugaban 'yan wasa kyaftin ne, wurin da ake killace su kafin gasa sansani ne, shirin da suke yi kuma atisaye ne, kalmar da aka fi sani da ita a bakin soja. Wasu kalmomin kuwa ƙirƙira ce ta Hausa zalla, kamar satar gida da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida, waɗanda kafofin watsa labarai suka yaɗa.

Aron kalmomi ma ya bi sawun mulkin mallaka. Bahaushen Zariya ya aro daga Ingilishi, yana cewa gola da fenariti da kwana da rafali. Na Maraɗi ko Paraku ya aro daga Faransanci, shi ya sa akan ji balo a madadin ƙwallo, da lakwal a madadin makaranta.

Kalmar da ta fi dacewa da batun wannan takarda ita ce horo. A Hausa horo yana nufin koyarwa, kamar a mai horar da 'yan wasa, yana kuma nufin hukunci, kamar a an yi masa horo mai tsanani. Makarantar soja tana amfani da gudu da tsallen kwaɗo ta fuskokin biyu. Inda aka mayar da motsa jiki hukunci kullum, yaro zai tashi yana ƙinsa. Inda aka raba su, zai riƙe shi har tsufa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa dangantakar soja da ƙwallon ƙafa ta faro tun farkon wasan, ta kuma iso Afirka ta Yamma ta hanyoyi biyu, ta Ingila wadda Zariya ta gada, da ta Faransa wadda Bembereke ta gada. An kuma ga cewa makarantar soja tana buƙatar filaye biyu. Filin fareti yana koya wa yaro bin umarni, filin ƙwallo kuma yana koya masa abin da zai yi idan umarni ya ƙare. Amfanin na biyun ya dogara ne a kan sharuɗɗa uku: a kare lafiyar yaro daga rauni da zafi, a hana muƙami shiga fili, sannan a gaya wa yaro gaskiya cewa an kawo shi ne don ya zama mutum mai ilimi da tarbiyya, ba don ya zama ɗan wasan haya ba. Uban da ke Jugu ko Paraku ko Zariya, wanda ɗansa ke son ƙwallo kuma ya ci jarrabawar shiga, zai iya tabbatar masa cewa zai buga wasa, amma bisa agogon makaranta da manufarta.

9.0 Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambanci tsakanin abin da filin fareti ke koyarwa da abin da filin ƙwallo ke koyarwa.

2. Kwatanta asalin makarantar Bembereke da na makarantar Zariya.

3. Kawo kalmomi goma na ƙwallon ƙafa da ake amfani da su a garinku, ka rarraba su zuwa na asali da na aro da ƙirƙirarru.

4. Tattauna ma'anoni biyu na kalmar horo, tare da misalai cikin jimloli.